Bencina ya tsaya a kilo 80, ya ƙi gaba

Mai tambaya: Salamu alaikum 'yan'uwa. Nauyina kilo 68, ina ɗaga ƙarfe a wani jim na unguwarmu. A benci, wato ɗagawar da ake yi a kwance rigingine ana tura ƙarfe sama daga ƙirji, na kai kilo 80 sau ɗaya, amma wata da watanni ke nan abin ya cije. Duk ranar da na shiga sai na ɗora 85 na gwada, ƙarfen ya sauko ƙirji ya zauna, sai an zo an ɗaga min. Kafaɗar dama ma ta fara ciwo. Wani a wurin ya ce in nemi sha-ka-fashe, wai jiki ne ba ni da shi. Ɗinki nake yi, wani lokaci sai ƙarfe ɗaya na dare nake kwanciya. Don Allah a taimaka.

Tsohon hannu: Wa alaikumus salam ƙanena. Ai kai ba atisaye kake yi ba, jarrabawa kake zana wa kanka kullum. Ajiye 85 ɗin nan tukuna. Koma kilo 60, ka ɗaga sau biyar, ka huta minti uku, ka maimaita har zagaye biyar, kwana biyu a mako. Idan ka cika su tsaf, mako na gaba ka ƙara kilo 2.5, wato faranti mai 1.25 kowane gefe. In babu ƙananan faranti a jim ɗinku, mai walda zai yanka maka, ka kai wurin mai sikeli a auna. Tsallen kilo biyar a lokaci guda ya yi wa benci yawa. Bayan mako huɗu ko biyar ka sassauta na mako ɗaya, ka rage nauyi da zagaye. Sai kamar wata biyu sannan ka sake gwada kanka, kuma da mutum tsaye a kanka.

Ma'aikacin jinya: Malam, ka rufa wa kanka asiri da sha-ka-fashe. Yawanci dexamethasone ne, ruwa da kitse yake tara wa mutum, fuska ta kumbura, tsoka kuwa cinye ta yake yi. Ga hawan jini da suga, ga raunin ƙashi. Kafaɗar kuma, idan ciwon yana hana ka barci ko ɗaga hannu sama, ka je a duba kafin ka ci gaba.

Ɗan Sabon Gari: Oga me kake ci? Masu ɗaga ƙarfe suna neman furotin kusan giram 1.6 a kowane kilo na nauyin jiki, kai kenan wajen giram 109 a rana. Ƙwai ɗaya giram 6 ne kacal, ka ga shayi da burodi da ƙwai biyu ba su kai ko'ina ba. Wake, awara, kifi, kindirmo, ƙuli-ƙuli, duk suna nan da sauƙin kuɗi. Barcin nan kuma, a samu awa bakwai.

Tsohon hannu: Na manta zancen kafaɗa. Ina kyautata zaton gwiwar hannunka kake bazawa waje. Matso da ita kusa da haƙarƙari kaɗan, ka haɗe allon kafaɗunka baya ka danne su a benci, ƙafa ta kafu a ƙasa, sandar ta sauka daidai ƙasan ƙirji. Ka riƙa jan ƙarfe don bayanka ma, yawancinmu ƙirji da damtse kawai muka sani.

Ɗan Sabon Gari: Kai da 85 ke ba ka wahala, Folashade Oluwafemiayo kilo 167 ta ɗaga a benci a gasar nakasassu ta Paris a 2024, ta ciyo wa Najeriya zinare.

Mai tambaya: Haba oga, ka bar ni da abin da ya dame ni! Na gode ƙwarai. Yaya, ranar Litinin da Alhamis sun yi, ko in ƙara tazara saboda kafaɗar?

Tsohon hannu: Sun yi. In ta yi zafi a zagayen farko, sauke ka koma 50.