Ɗakin injin jirgin ruwa ya matse, ta ina hannu zai kai filta?

Mai jirgi, Lagdo: Salamu alaikum. Injin dizal ne ƙarƙashin daɓen katako, filtar baƙin mai tana manne da jikin jirgi. Yaya ake canza ta ba a ɗaga inji ba?

Makaniki, Garwa: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Yanka ƙofa a daɓen daidai saman filtar, kamar santimita 40, tsakanin haƙarƙarin jirgi biyu. Kada zarto ya taɓa haƙarƙarin, su ke riƙe da jirgin. Kewaye murfin da roba saboda ruwa. Ɗumama injin minti 10, kashe, cire baƙar wayar batir, ka zuƙe man da famfon hannu ta ramin sandar awo. Sa leda ƙarƙashin filtar kafin ka kwance. Sabuwar kuwa, shafa wa robarta mai, ka ɗaure da hannu kawai. Idan tsohuwar roba ta maƙale a inji, mai zai tsiyaye.

Mai walda, Kusiri: Ƙari kaɗan, maigida: ɗaura wa sifana igiya a wuyan hannu. In ta faɗa ƙasan inji, sai maganaɗisu.

Direban jirgi, Bulangwa: Tunda ka buɗe, duba robar famfon sanyaya inji, yashi na cinye ta. Rufe bawul ɗin shigar ruwa tukuna.