Zan haɗa kwamfuta ta gem da editin, ku duba min kayan nan

Abba_Kawo:
Salamu alaikum jama'a. Laftop ɗina ta gaji wallahi, aikina editin ɗin bidiyon biki ne da Premiere Pro, kamu, dina, walima da sauransu, kuma yanzu kowane ango 4K yake so ko da a waya za a kalla, ina jefa fayil a ciki sai ta fara cijewa fanka na ta ihu. Da daddare kuma ina ɗan taɓa EA FC da Warzone. To na ce bari in haɗa ta tebur da kaina. Abin da na rubuta: firosesa Ryzen 5 5600G, ram 16GB, girafik kad RTX 4060, ma'ajiyar fayil SSD 512GB, sai kesi mai gilashi da fitilu don gaskiya ina so ta yi kyau a shago. AM5, wato sabon layin firosesa na AMD, kam aljihuna bai kai can ba. Me zan canza? Kuma in saya nan Kaduna ne ko in yi oda daga Legas?

Injiniya_Barnawa:
Wa alaikumus salam. Abba fara cire G ɗin nan tukuna. 5600G an yi shi ne don wanda ba zai sa girafik kad ba, kai kuma za ka sa, to me za ka yi da shi? L3 ɗinsa, wato ƙaramar ma'ajiya mai sauri da ke cikin firosesa, 16MB ne, na 5600 zalla 32MB, kuma hanyar da yake magana da kad a tsohuwar PCIe 3.0 ta tsaya alhali 4060 layi takwas kacal take amfani da shi, ka ga ka ɗan rage mata gudu tun kafin ta fara aiki. Ɗauki 5600 da madabod B550, in da hali ka miƙe zuwa 5700X mai kwa (core) takwas, lokacin ekspot za ka gode min.

Ram 16GB a 4K wahala ce, ka buɗe Premiere ka buɗe Chrome shi ke nan ta cika. Sa 32GB, amma sanda biyu 16 da 16, a rami na biyu da na huɗu, sannan ka shiga BIOS, wato saitin madabod, ka kunna XMP mai sa ram ta yi cikakken gudunta, in ba haka ba DDR4 3200 ɗin da ka biya kuɗinta a 2133 ko 2400 za ta riƙa tafiya, mutane da yawa ba su ma san haka tasu take ba. SSD kuma 512GB wasa ne, Warzone kaɗai kan cinye sama da 100GB. Sa SSD mai sauri irin NVMe 1TB, da hadis babba na ajiye bukukuwan da ka gama. Kad kuma ni 3060 mai 12GB zan ɗauka a kan 4060 mai 8GB, editin yana cin VRAM, wato ram ɗin kad, musamman in wata rana ka koma manhajar editin ta DaVinci Resolve.

Zee_UnguwanRimi:
Injiniya ban yarda da kai kan kad ba fa. 3060 tana jan wajen 170W, 4060 kuma 115W, mu da muke kan sola da inbata wannan bambancin ba ƙarami ba ne, awa nawa za ka yi kana renda, wato fitar da bidiyon da ka gama, da dare batir na sauka. Kuma a gem 4060 ta fi ta gudu, ga shi tana fitar da bidiyo a sabon tsarin AV1. 8GB ya ishi bidiyon biki in dai mutum zai yi furoksi, wato ƙaramin kwafin bidiyo mara nauyi da ake editin da shi, ni duk aikina da furoksi nake yi ban ga abin kunya a ciki ba. Sannan Abba tunda Premiere kake, ka leƙa Intel ma, i5-12400 wanda ba F ba, Quick Sync ɗinsa, wato sashen sarrafa bidiyo da ke cikinsa, yana taimakawa sosai wajen karanta bidiyon H.264 da HEVC na kyamarori da wayoyi. F ɗin ba shi da wannan.

Baba_Audu_Kakuri:
Yara kuna ta musu kan kad babu wanda ya tambayi yaron nan pawa sufulai, kuma shi bai ma rubuta shi ba. A garin nan da wuta ke zuwa ta koma, wani lokaci ta zo rabi wani lokaci ta zo da ƙarfi, shi ne abu na farko. Nemi 650W mai 80 Plus Bronze na kamfanin da aka sani irin su Corsair, Seasonic ko Cooler Master, kar ka karɓi wanda ake haɗowa da kesi kyauta, in ka ɗaga ka ji shi sakayau ajiye musu abinsu. Inbata ko UPS ɗinka kuma ya zama pure sine wave, wato mai ba da wuta sumul irin ta NEPA, don waɗannan pawa sufulai na zamani wasu sukan mutu tak da an ɗauke wuta in UPS ɗin mai arha ne, ga aikin mutane a buɗe.

Kesi mai gilashi a gaba kuma ka manta da shi. Zafin Maris da Afrilu ba ya wasa, ka nemi mai raga a gaba da matatar ƙura, kar ka ajiye ta a ƙasa, lokacin hunturu ka riƙa hure ta da bulowa. Gilashi a gefe ba laifi.

Maganar saye, ka fara zaga shagunan Ahmadu Bello Way ka ji farashi, ka kwatanta da Banex a Abuja da Computer Village a Ikeja. Firosesa da ram ba su cika ba da matsala ba ko na hannu ne, a webil ma ka karɓa. Kad tokumbo ne abin tsoro, tun da kuɗin kirifto na Ethereum ya bar mainin a 2022 kad ɗin da suka sha wuya wajen haƙo shi suka cika kasuwa, 3060 na cikinsu sosai. In na hannu za ka saya a kunna a gabanka, manhajar GPU-Z ta nuna sunanta na gaskiya, manhajar gwajin kad ta FurMark ta yi ta gudu kana kallon zafinta.

Abba_Kawo:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Baba na bar gilashin gaba amma fitila ɗaya dai sai na sa. Na tsaya a 5600, B550, 32GB da 4060 sabuwa saboda batir. Fankar da ke zuwa cikin kwalin 5600 ta isa ko sai na sayi wata?

Injiniya_Barnawa:
Tana aiki, amma in shagonka babu AC za ta dame ka da ƙara lokacin renda. Sa ƙaramar kula mai hasumiya irin Deepcool AK400, ka dai duba tsayinta da faɗin kesin kafin ka biya, kuma ka tuna ka ɓare ledar da ke ƙasanta kafin ka ɗora.