Daga ina zan fara jin kiɗan blues?

Ɗanlami: Salamu alaikum jama'ar zaure. Kwanan nan kiɗan blues na baƙaƙen fatar Amurka ya shiga raina, amma B.B. King kawai na sani. Ina son in bi abin tun daga tushe. Wa zan fara saurara?

Baban Ummi: Wa'alaikumus salam. Nemi Robert Johnson kawai. Waƙoƙi 29 ya naɗa a 1936 da 1937, ya rasu a 1938 yana ɗan shekara 27. A dare ɗaya za ka gama da shi.

Anti Larai: Haba Baban Ummi, kullum kai Robert Johnson! Ai lokacin da yake raye mutane ƙalilan ne suka san shi, sai a 1961 da aka tattara waƙoƙinsa a faifai guda sunansa ya fito sosai. Ɗanlami, mata ne suka buɗe kasuwar nan. A 1920 Mamie Smith ta yi Crazy Blues a kamfanin Okeh, faifan ya yi kasuwar da ta ba masu kamfanin mamaki, sai a lokacin suka farga ashe baƙar fata ma na da garmaho a ɗaka, kuma suna sayen faifai. Daga nan kowane kamfani ya shiga farautar mawaƙiya. A 1923 Columbia ta ɗauki Bessie Smith, Paramount ta ɗauki Ma Rainey. Fara da Bessie. Muryarta kamar ta tsaga lasifika, ga shi kuma babu makirufo a naɗinta na farko, bakin wani ƙaton ƙaho ake tsayawa a rera.

Baban Ummi: Na karɓi gyara, Anti. Amma kiɗan karkara fa ya riga faifai.

Malam Audu: Ƙwarai. Makaɗi W.C. Handy ya ba da labarin cewa wajen 1903 yana jiran jirgin ƙasa a tashar Tutwiler ta jihar Misisipi, ya ji wani mutum yana kaɗa jita, yana goga wuƙa a kan tsirkiya har sautin ya zama kamar kukan mutum. Handy ne ya riƙa rubuta irin wannan kiɗa a takarda yana sayarwa, St. Louis Blues ta fito a 1914. In kana son jin na gonakin auduga, nemi Charley Patton, wanda ya zauna a gandun Dockery, ya fara naɗa a 1929. Sai dai ka yi haƙuri da shuuu ɗin faifan, kamar ana suyar ƙosai a bayansa. Ni sai da na ji shi sau uku kafin kunnena ya saba.

Ɗanlami: Malam, to yaya aka yi ya bar gona har Turawa suka rungume shi?

Anti Larai: Bi sawun Muddy Waters za ka gani. A 1941 Alan Lomax, mai yawon tattara waƙoƙin gargajiya, ya same shi a gandun Stovall ya naɗi waƙoƙinsa, a 1943 ya hau jirgin ƙasa zuwa Cikago kamar dubban 'yan'uwansa masu gudun wariya da neman aikin masana'anta. Gidajen rawa can hayaniya ce, jitar katako ba ta jiyuwa, dole ya koma ta lantarki. Jera naɗin 1941 da waƙoƙinsa na kamfanin Chess ka ji bambanci. A 1958 ya je Ingila, samarin can suka ɗauka, har ƙungiyar mawaƙan nan Rolling Stones daga waƙarsa suka samo suna. Abin da ke ba ni haushi, Big Mama Thornton ce ta fara fitar da waƙar Hound Dog a 1953, amma yau ka tambayi mutum goma, tara za su ce ta mawaƙi Elvis Presley ce.

Malam Audu: Ƙari kaɗan. Masanin kiɗa Gerhard Kubik, a littafinsa Africa and the Blues na 1999, ya danganta salon jan muryar blues da kiɗan yankinmu na savana, har da gogen Hausawa. Ba cewa ya yi mu muka ƙirƙira ba, kada wani ya ɗauka ya ruga Facebook. Amma sa kukuma, ka biyo ta da waƙar Son House, wani tsohon mawaƙin blues na Misisipi, ka ji da kunnenka.

Baban Ummi: Duk da haka kada ka tsallake mini Robert Johnson.

Ɗanlami: Allah ya saka da alheri. Bessie yau da dare, Patton gobe. Baba, naka sai Juma'a.