Abin da aka tsinta daga hira kan manyan 'yan cacar tseren dawaki

A wata hira da aka yi kan waɗannan 'yan caca, an fi daɗewa kan Bill Benter, Ba'amurken da ya shiga cacar tseren dawakin Hong Kong a shekarun 1980 tare da Alan Woods ɗan Ostireliya. Shi Benter lissafi ya riƙa. Ya rubuta manhajar kwamfuta mai auna tarihin kowane doki, mahayinsa da nisan tseren, kuma sai da ya tafka asara kafin riba ta zo. An kuma taɓo Pittsburgh Phil, wani shahararren ɗan cacar tseren dawaki a Amurka, wanda ya rasu a 1905.

Shawarar da ta fi rinjaye, ni ma ita nake goyon baya, ita ce kada matashi ya ruɗu da labarinsu. Caca haramun ce, sannan masu shirya tseren sukan cire kasonsu kafin a raba kuɗin, shi ya sa yawancin masu zubawa ke komawa gida hannu rabbana.