Fim ɗin kaboyin da masu sharhi suka ba sifili: wa ya kalla, kuma da wa?

Baban Ummi:
Salamu alaikum 'yan uwa. Daren jiya na zauna na kalli The Ridiculous 6 na Adam Sandler, wanda Netflix ta saki a Disambar 2015. Labarin wasu maza shida ne, uba ɗaya kowa da uwarsa, da suka haɗu suna fashi don su tara dala 50,000 su fanshi mahaifinsu daga hannun 'yan bindiga. Fashin ma ba su iya ba. Kafin in kunna, ƙanena ya ce kada in ɓata data, wai a shafin Rotten Tomatoes mai tattara sharhin fina-finai sifili aka ba shi. Na kunna duk da haka, kuma Allah ya sani na yi dariya, har uwargida ta leƙo ta ce ko lafiya. Shi ne nake tambaya: ni kaɗai ne haka ta faru da shi?

Tsohon mai gidan kallo:
Wa alaikumus salam. Baban Ummi, ba kai kaɗai ba ne. Na taɓa haska shi wani dare da ba ƙwallo, mutum kamar talatin a kan benci, janareta na ta ƙara. Wurin da aka rataye Lil' Pete, ɗaya daga cikin shidan, wawan nan da Taylor Lautner ya fito, wuyansa ya ƙi karyewa yana ta lilo yana wasa a jikin igiya, sai da na dakatar da fim ɗin. Wani mai faci ya faɗo daga benci yana riƙe da ciki. Rabinsu ba su jin Turanci, kuma ba su nemi fassara ba. Amma da aka zo wurin John Turturro yana ƙirƙiro dokokin wasan besbol, yana canza doka duk lokacin da ya ga za a ci shi, sai ɗakin ya yi tsit. Ni kaɗai na murmusa. Ba wanda ya san wasan.

Malamar Zariya:
Ni kam ban ƙarasa ba. Na kunna mana ne da yara bayan isha'i, a zatona irin kaboyin da muka sani ne, dawaki da ƙura. Sai ga jakin Rob Schneider yana fesa zawo a jikin bango, yara na ta shewa, surukata ta tashi ta ɗauki butarta ba ta ce uffan ba. Minti arba'in na kashe. Ba na yara ba ne, Malam, a kiyaye.

Ɗan Sabon Gari:
Bari in gyara abu ɗaya, Yaya. Sifilin nan ba maki ba ne kamar na jarrabawa. Ma'anarsa cikin masu sharhin da shafin ya tattara, ba ko ɗaya da ya ce fim ɗin ya yi. Su kuma 'yan kallo nasu lissafin daban. A Janairun 2016 Ted Sarandos, wani babban jami'in Netflix, ya ce ba fim ɗin da aka kalla a kwana talatin na farko a dandalinsu kamar wannan. A watan ne kuma Netflix ta buɗe a Najeriya, shi ne fim na farko da na kalla a kai, da asusun wani abokina. Barci ya ɗauke ni a tsakiya. Kusan awa biyu ne, ya yi wa irin wannan shirme tsawo.

'Yar Damagaram:
Ni dariyar ce ta maƙale mini. Na kalla, na yi dariya, daga baya na karanta cewa a Afrilun 2015, ana tsakiyar ɗaukar fim ɗin a jihar New Mexico, 'yan wasa kusan goma sha biyu daga ƙabilun asali na Amurka, waɗanda Turawa suka tarar a ƙasar, sun fice daga wurin. Sun ce an wulaƙanta al'adar ƙabilar Apache, musamman sunayen batsa da aka laƙaba wa matansu. Netflix ta ce ai barkwanci ne, kowa an taɓa shi. Da na sake kallo sai na lura: fararen wawayen kowa da labarinsa, matan Apache kuwa sunansu ne kawai abin dariyar. Mu da muke jin zafi idan an fito da Bahaushe a matsayin maigadi mai gurɓatacciyar magana, ya kamata mu gane. Mu ma fa mun tashi muna ce musu Indiyawan daji.

Tsohon mai gidan kallo:
Hajiya, wannan gaskiya ce, ban san da ita ba lokacin. A sinima muna yara, idan kaboyi ya harbe su tafi muke yi.

Baban Ummi:
Na gode muku. Malama, da na ji naki tun farko da ban yi wa Ummi alkawarin za mu kalla ranar Asabar ba. Yanzu sai in nemo mata wani. Ɗan Sabon Gari, tunda barci ya kwashe ka, ka koma ka ga ƙarshen, akwai abin da uban nasu ya yi musu. Ba zan faɗa a nan ba.