Me za mu kira "communication thérapeutique" da Hausa?

Malamar makarantar jinya, Garwa:

Assalamu alaikum jama'a. Kalma nake nema, ku taya ni. Ina koyar da ɗaliban aikin jinya 'yan shekarar farko a nan Garwa, ƙasar Kamaru. Karatunmu duk da Faransanci ne, amma da mun shiga ɗakin marasa lafiya sai Faransanci ya tsaya a bakin ƙofa, ciki sai Fillanci da Hausa. Darasi biyu ne suka hana ni sakat. Na farko "communication thérapeutique", wanda wasu littattafai ke haɗa shi da "relation d'aide". Na biyu "connaissance de soi". Yara suna haddace su tsaf, su rubuta a jarrabawa su ci, amma in ka ce su faɗa maka abin da Hausar gida, sai kallon kallo.

Abin da na farkon ke nufi: maganar da ma'aikacin jinya ke yi da mara lafiya da niyya, don amfanin mara lafiyar kaɗai. A ciki akwai tambayar da ba a amsa ta da "e" ko "a'a", akwai yin shiru a jira, akwai maimaita wa mutum abin da ya faɗa don ya ji an ji shi, har da yadda ka zauna da inda ka ajiye idonka. Wata ma'aikaciyar jinya Ba'amurkiya, Hildegard Peplau, ita ta kafa wannan a littafinta na 1952, inda ta ce huldar mai jinya da wanda ake jinya ita kanta magani ce, kuma tana da farko, tana da tsakiya, tana da ranar rabuwa.

Ga abin da ya sa na kasa barci. Makon jiya na bi wata ɗalibata zagaye. Wata dattijuwa ce a gado, surukarta zaune a tabarma tana mata fifita. Yarinyar ta gaishe ta da ladabi, ta ce, "Inna, ya jiki?" Ta ce, "Da sauƙi." Yarinyar ta rubuta a takarda cewa babu korafi, za ta wuce gado na gaba. Na riƙe ta. Na aiki surukar ta sayo ruwa, na jawo kujera na zauna, na ce, "Inna, daren jiya yaya kika kwana? Ba ni labari." Ta daɗe tana kallon bango. Can ta janye mayafi ta nuna min ƙullutu a nononta na hagu, ta ce ya fi wata shida, ba wanda ta faɗa wa. Da zazzaɓi aka kawo ta. To "ya jiki" ai gaisuwa ce, amsarta ɗaya ce tun kaka da kakanni. Wanda ke kan gargara ma "da sauƙi" zai ce. Abin da na yi bayan gaisuwar nake neman sunansa.

Na fara rubuta "sadarwar warkarwa" a allo, ni kaina ban ji daɗinta ba.

Tsohon ma'aikacin jinya mai ritaya, Marwa:

Wa alaikumus salam 'yata. Goge wannan "sadarwa" tun kafin ta bi bakin yara. Sadarwa a kunnen mutanenmu waya ce da kati da rediyo. Ka ce wa tsoho za ka yi sadarwa da shi, sai ya laluba aljihu. Mu a zamaninmu rarrashi muke cewa. Shekara talatin da ɗoriya ina wannan aiki, kuma abin da na ga yana kwantar da mara lafiya ke nan. Ki sa "rarrashin majinyaci" ki huta.

Malamar makarantar jinya, Garwa:

Na gode Baba, sadarwa kam ta tafi. Amma ka yi min afuwa, rarrashi nake gudu. Yaro ake rarrashi ya yi shiru. Ni so nake mutum ya buɗe baki. Kuma a cikin rarrashi ne ƙaryar nan tamu ta asibiti ke ɓuya: "Ba komai, za ki warke, kada ki damu." Da na faɗa wa dattijuwar nan haka, da mayafinta bai motsa ba. Florence Nightingale ma, a littafinta na 1859, babi guda ta ware tana faɗa da masu cika mara lafiya da daɗin baki da shawarar da bai tambaya ba.

Tsohon ma'aikacin jinya mai ritaya, Marwa:

To kada dai ku hana yara yi wa mutane addu'a da sunan boko. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, in ya je dubiya yakan ce ba komai, tsarkakewa ce in Allah ya so.

Malamar makarantar jinya, Garwa:

Ko kusa, Baba. Addu'a daban, alkawarin da ba ka da ikon cikawa daban. "Allah ya ba da lafiya" ba ya rufe bakin kowa. "Gobe za a sallame ki", alhali ka san ba haka ba ne, shi ne matsalar.

Ɗaliba 'yar shekara ta biyu:

Malama, mu a tsakaninmu "hirar jinya" muke cewa. Wani ɗan ajinmu ya taɓa cewa "zancen jinya", aka yi ta dariya, wai zai je zance ɗakin mata. Wani kuma ya kawo "jinyar baki", aka ce wannan ai sai likitan haƙori.

Ungozoma, Kuseri:

Hira tana da daɗin ji, ƙanwata, amma ku yi hankali da ita. A hira kowa na kawo nasa. Ta ce cikin nan ya wahalar da ita, ke ma ki ce ai ni da nake da cikin Auta, shi ke nan labari ya koma kanki. Na sha kama kaina da haka. Hira kuma ba ta da inda za ta. Wannan abin da Malama ke nufi yana da inda ya dosa, kuma kunne ya fi baki aiki a ciki.

Nan wajenmu da safe sai in yi Larabcin Shuwa da Hausa da Fillanci da Faransanci kafin azahar, don mutane na tsallako gada daga Njamena. Abin da na lura, kunya ita ce babbar katanga, ko da wane harshe. Bafulatana mai haihuwar fari za ta cije haƙori, ba za ki ji ko uhm ba, don semteende da munyal, wato kunya da haƙuri, a kansu aka raine ta. In kika jira ta yi kuka kafin ki san tana shan wuya, kin makara. Bahaushiya kuma ba za ta ambaci gabanta ba in uwar mijinta na tsaye, sai ta ce mara, ko ta ce "ƙasa". Duk kalmar da za ku zaɓa, ta zama mai nuna cewa an keɓe.

Malamin Hausa, Yola:

Ina bin ku tun ɗazu daga tsallaken iyaka. Hajiya ta faɗi abin da ya buɗe min ido, wato keɓewa. Ku duba "ganawa". Bahaushe ba ya cewa ya gana da mutum don sun haɗu a kasuwa. Ganawa ana nufinta ne, ido da ido, a keɓe, kan wata magana, kuma abin da aka faɗa amana ne. Tana da lokacin shiga da na tashi, wanda ya yi daidai da farko da ƙarshen da Malama ta ce Peplau ta ambata. Ba ta kuma tilasta surutu: mai sallar dare ana cewa yana ganawa da Ubangijinsa. Ni "ganawar jinya" nake ba da shawara.

Na auna "tattaunawa" ma. Daga tauna ta fito, a tauna magana a sake taunawa, kuma tana nuna ɓangare biyu. Sai dai rediyo ta mai da ita ta 'yan siyasa da teburin sulhu. "Nasiha" kuwa daga sama take saukowa, mai ilimi ga marar ilimi, ba ta dace ba, tunda mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Gargaɗi ɗaya kan "jinya": bakinta biyu ne. Mai ciwo yana jinya, wanda ke kula da shi ma yana jinya. "Mai jinya" a asibiti sau da yawa ɗan'uwan nan ne da ke kwana a tabarma, wanda ku kuke kira "garde-malade". A nan wannan harshen damo ya yi mana rana, don ganawar ta mutum biyu ce, wani lokaci uku.

Tsohon ma'aikacin jinya mai ritaya, Marwa:

Ganawa kuma? Malam, ai shugabannin ƙasa ke ganawa a labaran ƙarfe shida. Kuma kada ka manta ana gana wa mutum azaba. Wasu allurai da na gani a rayuwata, sunan ya dace da su.

Malamar makarantar jinya, Garwa:

Baba ka ba ni dariya. Amma ni wannan nauyin na shugabanni shi ya ja ni. In ɗaliba ta ce za ta gana da Inna, dole ta nemi kujera, ta rage jama'a, ta ajiye waya. Ba a ganawa a tsaye da biro a baki. A 1984 wasu masu bincike biyu a Amurka, Beckman da Frankel, sun naɗi muryar likitoci da marasa lafiya, suka tarar a matsakaici sakan 18 kawai ake barin mutum ya fara bayani kafin a katse shi. Ranar da layi ya kai bakin ƙofa ga zafin watan Afrilu, ban yi tsammanin mun fi su haƙuri ba. Na karɓi "ganawar jinya".

Saura na biyun, wato "connaissance de soi", kuma ya fi wuya. Ana so ma'aikacin jinya ya san abin da ke motsi a ransa lokacin da yake gaban mara lafiya: ƙyama, tsoro, gajiya, raina wani don ƙabilarsa ko talaucinsa, ko tausayin da ya wuce kima don ya yi kama da mahaifinka. Zan ba da misali da kaina don kada in tona asirin yara. Ina sabuwar fara aiki aka kawo wani manomin auduga mai ciwon sukari, ƙafarsa ta ruɓe. Da na kwance tsumman da ya naɗe ta, wari ya buge ni. Ban ce uffan ba, na wanke, na ɗaure, har da "sannu Baba". Da na gama sai ya ja zane ya rufe ƙafar, ya ce, "Ki yi haƙuri 'yata, na dame ki." Washegari ya ce a kira masa wani. Wata babbarmu ce ta ja ni gefe ta ce, "Kin san yadda kika yi da hancinki?" Wallahi ban sani ba.

A aji muna koyar da wannan da wani zane da ake kira tagar Johari, wanda Joseph Luft da Harrington Ingham suka fito da shi a 1955. Gida huɗu ne: abin da na sani game da kaina kowa ma ya sani, abin da na sani na ɓoye, abin da mutane ke gani ni ban gani ba, da wanda ba wanda ya sani tukuna. Hancina na ranar nan a gida na uku yake.

Ɗaliba 'yar shekara ta biyu:

Malama, gida na uku ai shi ne gwano ba ya jin warin jikinsa. Don Allah ki sa wannan a allo, ya fi zanen saurin shiga. Kalmar kuma me zai hana a ce "sanin ciwon kai"?

Ungozoma, Kuseri:

A asibiti? Ki ce sanin ciwon kai, a miƙo miki farasitamol.

Malamin Hausa, Yola:

Ban da barkwancin Hajiya ma, wanda ya san ciwon kansa mutum ne mai kamun kai da kishin mutuncinsa, ba abin da ake nema ba ke nan. "Sanin kai" shi ne kai tsaye, kuma ba laifi a matsayin kan babi. Matsalarsa a kunne: yana zaune kusa da son kai da ji da kai. Ku dubi "jin kai" da "jinƙai", lanƙwasar harafi ɗaya ce ta raba girman kai da rahama, ga kuma wayoyi da yawa ba su da ƙ. Duk kalmar da aka ɗora wa "kai" sai an yi taka-tsantsan.

Malamai suna da "muhasaba", daga maganar da ake jingina wa Sayyadina Umar cewa ku yi wa kanku hisabi kafin a yi muku. Sai a ce "hisabin kai".

Malamar makarantar jinya, Garwa:

Hisabin kai ya yi min, Malam, amma ga wani aikin. Muna sa ɗalibai su rubuta bayan sun tashi daga aiki: me mara lafiya ya ce, me na ce, me na ji a raina, me zan sauya. Wannan hisabi ne sosai, zan ba shi sunan. Sai dai hisabi bayan an tashi kasuwa ake yinsa. Abin da na rasa ranar manomin nan a lokacin ne, ina tsugune gabansa, in ji fuskata ta sauya in gyara ta kafin ya ɗago ido. Tun jiya kalmar "farga" ke min yawo. "Farga da kai". Sanin kai kamar abu ne da ka mallaka ka ajiye a akwati. Farga kuwa aukuwa take yi, yanzu-yanzu, kuma gobe ma sai ka sake.

Tsohon ma'aikacin jinya mai ritaya, Marwa:

In dai ba fargar Jaji ba. Farga a bakin Bahaushe da makara take tafiya, 'yata. Sai ɓarawo ya tsallake katanga ake cewa an farga.

Malamin Hausa, Yola:

Baba yana da gaskiya rabi. Ana cewa "ya farga da wuri" ma, kuma da kowace farga makararriya ce, da ba a ware ta Jaji an ba ta suna ba. "Ankara" 'yar'uwarta ce, amma "ankara da kai" ya yi nauyi a harshe. Ina bayan farga.

Malamar makarantar jinya, Garwa:

To ranar Litinin zan rubuta uku a allo: ganawar jinya, farga da kai, hisabin kai. Zan sa su yi wasan kwaikwayo biyu-biyu, ɗaya Inna ɗaya ma'aikaciya, a hana mai yin Inna faɗin komai sai "da sauƙi" har sai an yi mata tambayar da ta cancanci wata amsa. In kalmomin sun kai wata guda a bakinsu ba tare da na tuna musu ba, sun zauna. Baba, rarrashi ma zan sa shi, amma a jerin abubuwan da ke toshe ganawa, ka yafe ni.

Fiye da rabin ajina Fillanci suka fi ji, don haka Yaya ta Kuseri, in kin san abin da ya yi kusa da ganawa a bakin Fulanin wajenku, ki turo min kafin Lahadi da dare.