Me za mu kira wannan ƙarfen na cikin agogo?

1/
Jama'a, ku taya ni tabbatar da wata kalma. Wata uku ke nan ina kai da komo tsakanin Makka da Jidda da agogon aljihun kakanmu. Ranar da na kira Kawu zan yi masa bayanin abin da ya karye a ciki, sai na tarar ba ni da sunansa da Hausa. Na ce masa Turawa na kiransa balance staff. Ya ce, "Ɗan nan, yi mini Hausa mana."

2/
Agogon West End ne, ƙirar Suwizalan, irin wanda dattawan ƙasar nan ke ce wa Ummu Salib saboda gicciyen da ke tambarinsa. Kaka ta Sudan ya biyo, ya haye teku daga Sawakin, sai da ya zauna a Makka ya saye shi. A zamaninsa lokacin Larabawa ake bi: da an kira magariba kowa ya mayar da agogonsa ƙarfe 12. A 1968 aka bar wannan lissafi, amma Kawu ya ce tsohon har ya rasu bai bari ba.

3/
Ga abin. In ka buɗe bayan agogon wani, wato wanda ake murɗa wa kai kafin ya yi tafiya, akwai wani ɗan zobe da ke juyi dama da hagu ba hutu, Larabawa na ce masa raƙƙas, wato mai rawa. Shi ke yanka lokaci. A yawancin tsofaffin agogunan aljihu bugu 5 yake yi a daƙiƙa, 18,000 a awa, 432,000 a kwana guda. Zoben nan a kan wani siririn ƙarfe yake zaune, mai tsini sama da ƙasa, kowane tsini ya shige ramin ɗan jan dutse. Kaurin tsinin wajen kashi ɗaya cikin goma na milimita ne, kusan silin gashi. Wannan ƙarfen nake nema wa suna.

4/
Shi ne kuma ya fi saurin karyewa. Incabloc, dabarar da ke sa dutsen ya ɗan ja da baya in agogo ya bugu, sai 1934 aka fito da ita, kuma galibin agogunan aljihu ba su da ita. Faɗuwa ɗaya a kan tayil ta isa. Namu daga aljihun jallabiyata ya zame ina alwala, kada ku tambaye ni yadda na kwana.

5/
Nemansa ya fi gyaran wuya. Mai gyara na farko ya sa mini wani da ya ɗan fi tsawo, agogon ya yi tafiya a kife, ana juya shi rigingine ya tsaya. Na biyun, wani dattijo ne a tsohon garin Jidda, wajen Bab Makka, shi ya zaunar da ni. Ya ce sunan da ke fuskar agogo ba ya wadatarwa, injin ake dubawa: faɗinsa, da alamar maƙera da ke ɓoye ƙarƙashin zoben. Suwizalan da wani awo suke auna faɗin inji, kowane ɗaya milimita 2.26 ne, namu 19, kusan milimita 43 ke nan. Daga nan a auna karyayyen: tsawonsa, kaurin tsini biyu, mazaunin zobe, mazaunin wani siririn sifirin da ke naɗe a jikinsa, wanda Larabawa ke kira sha'ara. Kuskuren da ido ba ya gani ya isa ya ɓata aikin.

Hanya uku ce, in ji shi. Ko a dace da sabo cikin ragowar kayan gyaran da wani tsohon shago ya bari. Ko a samo mataccen agogo irinsa a cire masa, abin da ni na sa wa suna agogon yanka, kamar yadda ake yanka mota a sayar da kayanta. Ko kuma a fiƙe sabo daga ƙarfe a kan ɗan injin da suke kira makhraɗa, kuma masu hannun yin haka sun yi ƙaranci.

6/
To, ga sunayen da aka ba ni.

Wani abokina malamin makaranta ya ce "sandar ma'auni". Fassara ce kalma da kalma, kuma ban karɓa ba. Bahaushe in ya ji sanda, ta makiyayi yake gani. In ya ji ma'auni, mudu ko sikeli. An haɗa manyan abubuwa biyu an ɗora wa abin da sai da madubin ido ake kama shi.

Wani ya ce allura. Ta fi kusa, sai dai allura tsininta ɗaya, ga shi wasu na kiran hannun agogo da allura, a rikice ke nan. Ƙanena bakanike ya ce a bar shi a "shaf" kamar na mota. Ba na ƙyamar aro, ita kanta kalmar agogo daga Yarbanci muka samo ta, "wani" da ake yi wa agogo kuma daga Turanci. Amma aro sai in babu a gida.

7/
Gwaggo ce ta raba gardama, ba tare da ta san ana yi ba. Na nuna mata hoton da na ƙara wa girma a waya, ta kawo shi kusa da ido, ta ce, "Wannan ai mazari ne. Ga tsininsa, ga gululunsa." Na yi shiru.

Ku duba: mazari siriri ne, a tsaye yake juyi a kan tsininsa, yana ɗauke da nauyin da ke sa juyin ya daɗe, ga zare naɗe a jikinsa kamar yadda sha'ara ke naɗe a jikin wancan. Sannan mu muke cewa jikin mutum na rawa kamar mazari, su kuma Larabawa sun kira zoben mai rawa. Ba mu yi shawara da su ba.

8/
Na san inda za a soke ni. Mazarin kaɗi gefe ɗaya yake juyawa, na agogo zuwa yake ya dawo. Gaskiya ne, amma hannun agogo ma ba shi da yatsu, ba wanda ya yi ƙorafi. Wasu za su ce mazari sunan ƙwaro ne kuma. In an ce "mazarin agogo" babu mai zuwa neman fiffike. Sukar da ta fi damuna ita ce ta 'ya'yanmu na Shara Mansur a Makka, waɗanda ba su taɓa ganin mace na kaɗi ba, Larabci ya fi zama a bakinsu. Su sai an koya musu kalmar sau biyu. Na yarda da wannan wahalar.

Gululu dai ban ɗauka wa zoben ba, don gululu dunƙule ne. Zoben mazari nake cewa kafin a samu wadda ta fi. Mutanen Mai Wurno ta Sudan da Kano da Damagaram, in masu gyaran agogonku na da sunan da suke kiransa tun da, ku kawo, nawa ya ja baya.

9/
Jiya dattijon ya aiko saƙo: ya samu agogon yanka, awo ya yi daidai, saura a dasa. Na kira Kawu na ce masa mazarin agogon Kaka ne ya karye, an samo wani. Bai ce in yi masa Hausa ba. Cewa ya yi, "Nawa suka ce?"